Matsuguni da Tallafin Dogon Zango ga Manya Masu Larurar Galahanga: Darasi Daga Ingila, 1974 zuwa 2024

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ƙasar Ingila ta tunkari batun matsuguni da tallafin manya masu larurar galahanga a tsawon shekara 50. An bi diddigin dokoki da hukuncin kotu da rahotannin bincike na hukumomin ƙasar, sannan aka kwatanta tsare-tsaren zama guda huɗu da ake amfani da su. Nazarin ya gano cewa yawan kuɗin da ake kashewa da kyan gini ba su hana cin zarafi ba. Abin da ya fi kare mai larurar shi ne a raba haƙƙinsa na zama a gida da aikin masu kula da shi, a kuma ajiye shi kusa da idon danginsa. Daga ƙarshe an kawo abubuwan lura ga Nijeriya.

Muhimman kalmomi: galahanga, matsuguni, tallafi, haƙƙin haya, Ingila

1.0 Gabatarwa

Kafofin yaɗa labarai na Hausa sukan kira larurar otizim da sunan galahanga. A bakin jama'a kalmar takan haɗa da wasu larurorin ƙwaƙwalwa, amma a wannan maƙala otizim kaɗai ake nufi da ita. Larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa take girma, alamominta sukan bayyana tun ƙuruciya, kuma mutum yana tare da ita har ƙarshen rayuwarsa. Takan shafi magana da cuɗanya da mutane, ta sa mutum ya riƙe tsari guda na yin abubuwa, ta kuma sa ƙara ko haske ko taɓi su dame shi fiye da kima. Daga cikin masu ita akwai masu digiri da aiki da iyali, akwai kuma waɗanda ba sa magana, suna buƙatar kulawa dare da rana.

Tun da likita Leo Kanner ya yi bayanin larurar a 1943, bisa nazarin yara 11 a Amurka, hankalin masana ya fi karkata ga yara. Sai dai yaro yakan girma, iyaye kuma su tsufa. Daga nan tambayoyi uku suke tasowa: a ina zai zauna, wa zai biya kuɗin kula da shi, wa kuma zai sa ido a kan masu kulawar? An zaɓi Ingila ne saboda tana da doka ta musamman a kan wannan larura, kuma an binciki kurakuran tsarinta a bainar jama'a.

2.0 Daga Manyan Asibitoci Zuwa Cikin Unguwa

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, makomar mafi yawan masu raunin fahimta a Birtaniya, ciki har da masu galahanga da yawa da ba a gano larurarsu ba, ita ce manyan asibitocin zaman dindindin da aka gina a bayan gari. Rahoton da aka fitar a 1969 kan asibitin Ely na birnin Kadif ya tona asirin duka da sakaci da ake yi a irin waɗannan wurare. A 1971 gwamnati ta fito da manufar rage dogaro da su, amma aikin ya yi tafiyar hawainiya, domin sai a 2009 aka rufe na ƙarshe a Ingila, wato Orchard Hill.

Iyaye ba su tsaya jiran gwamnati ba. A 1962 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiya a Landan, wadda ta zama Ƙungiyar Galahanga ta Ƙasa. Da 'ya'yansu suka fara wuce shekarun makaranta, sai aka buɗe Somerset Court a 1974 ƙarƙashin jagorancin malama Sybil Elgar. Shi ne matsuguni na farko a ƙasar da aka keɓe wa manya masu larurar.

3.0 Dokokin da Suka Tsara Tallafi

Kafin 2009, hukumomin jin daɗin jama'a na Ingila suna da manyan ƙofofi biyu: ta masu raunin fahimta da ta masu ciwon taɓin hankali. Mai galahangar da basirarsa take daidai, ba shi kuma da taɓin hankali, sai kowace ƙofa ta tura shi ɗaya, ya tashi a tutar babu. Dokar Galahanga ta 2009 ta wajabta wa gwamnati fitar da manufa ta ƙasa domin manya masu larurar, tare da umarnin da ƙananan hukumomi da Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wato NHS, za su bi. An fitar da manufar farko a 2010, aka sabunta ta a 2014 da 2021.

Dokar Kulawa ta 2014 kuwa ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin tantance buƙatun duk baligin da ake ganin yana buƙatar tallafi, da na mai kula da shi a gida. Idan ya cancanta, akan ware masa kasafi na kansa, kuma yana iya karɓar kuɗin a hannu ya ɗauki mataimakin da yake so. Sai kuma Dokar Ikon Yanke Shawara ta 2005, wadda ta ce a ɗauki kowane baligi a matsayin mai iya yanke wa kansa shawara har sai an tabbatar da akasin haka. Idan kuma ya zama dole a yanke masa, to a zaɓi hanyar da ta fi ƙarancin tauye 'yancinsa.

4.0 Tsare-tsaren Zama

Manya masu galahanga da yawa suna zaune ne tare da iyayensu. Ga waɗanda suka bar gida, akwai tsare-tsare huɗu da suka fi fice.

4.1 Gidan Kulawa

A nan ɗaki da abinci da ma'aikata duk na kamfani ɗaya ne ko ƙungiya ɗaya. Akasarin kuɗin tallafin mazaunin yakan tafi wajen biyan wurin, a bar masa kimanin fam 30 a mako na kashewa. Idan saɓani ya shiga tsakaninsa da masu gidan, shi ne mai tattara kayansa.

4.2 Zaman Kai da Tallafi

Mutum yakan karɓi hayar gida da sunansa, shi kaɗai ko tare da wasu 'yan kaɗan. Kuɗin hayar yana fitowa daga tallafin gidaje na gwamnati, ƙaramar hukuma kuma ta biya wani kamfani daban domin ya turo mataimaka, daga sa'o'i kaɗan a mako har zuwa sa'a 24 a kullum. Tun da yarjejeniya biyu ce, ana iya sallamar kamfanin kulawa, mai gida ya ci gaba da kwana a ɗakinsa.

4.3 Zama da Iyalin Riƙo

Akan tantance wani iyali, a horar da su, a riƙa biyan su, mai larurar ya zauna a cikinsu tamkar ɗan gida. Tsarin ya yi kama da riƙo, sai dai akwai jami'an da suke bibiya.

4.4 Mallakar Rabin Gida

Akwai shirin da yake ba masu naƙasa ta dindindin damar sayen wani kaso na gida, su riƙa biyan hayar sauran kason ga ƙungiyar gidaje. Shi ya fi ba da tabbaci, amma samun bashin banki yana da wuya, don haka kaɗan ne suke cin gajiyarsa.

5.0 Inda Tsarin Ya Ci Tura

Misalai uku sun nuna cewa rufe manyan asibitoci bai kawo ƙarshen matsalar ba. Na farko shi ne na wani mai galahanga da ba ya magana, wanda kotu ta sakaya sunansa da haruffan HL. Ya shafe fiye da shekara 30 a asibitin Bournewood kafin ya koma zama da wasu ma'aurata a 1994. A watan Yuli na 1997 hankalinsa ya tashi a cibiyar da yake wuni, aka mayar da shi asibitin, aka hana masu riƙonsa ganinsa. Asibitin ya kafa hujja da cewa bai nuna ƙin zama ba. Sai a watan Disamba ya koma gida. A 2004 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke cewa an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba. Hukuncin ne ya haifar da matakan kariya da suka fara aiki a 2009, domin shirun wanda ba ya iya magana ba yarda ba ce.

Na biyu shi ne Winterbourne View, asibiti mai zaman kansa mai gado 24 kusa da Biristol. A watan Mayu na 2011 shirin Panorama na BBC ya nuna hotunan sirri na ma'aikata suna dukan marasa lafiya, suna watsa musu ruwan sanyi. Wani ma'aikacin jinya ya riga ya kai ƙara ga hukumar da take sa ido, ba a saurare shi ba. Ma'aikata 11 suka amsa laifinsu, aka ɗaure shida. Abin lura shi ne, ana biyan kimanin fam 3,500 a mako a kan kowane mutum guda, ke nan ba rashin kuɗi ne ya jawo abin ba.

Na uku ya fi ban takaici. A 2016 aka rufe Mendip House, ɗaya daga cikin gidajen Somerset Court, wurin nan da iyaye suka kafa da kyakkyawar niyya. Rahoton binciken da ya fito a 2018 ya nuna yadda wasu ma'aikata suka riƙa wulaƙanta mazauna, har da cin abinci da kuɗinsu. Ya kuma soki hukumomin da suka turo mutane daga garuruwa masu nisa, suna biyan kuɗi ba tare da zuwa duba su yadda ya kamata ba.

Bayan Winterbourne View gwamnati ta yi alkawarin mayar da duk wanda bai kamata ya zauna a asibiti ba cikin al'umma kafin Yunin 2014. Wa'adin ya wuce, aka sa na 2019, aka sake sa na 2024, duk ba a cika ba. Daga kimanin mutum 2,900 a 2015, adadin ya sauka zuwa kimanin 2,000 a 2024, kusan kashi biyu cikin uku masu galahanga ne, kuma matsakaicin zaman mutum ya kai wajen shekara biyar.

6.0 Dalilan Tafiyar Hawainiya

Dalili na farko shi ne rabuwar aljihu. Muddin mutum yana asibiti, NHS ce take biya. Da zarar ya fito, babban kaso na nauyin yakan koma kan ƙaramar hukuma, wadda kasafinta ya sha zaftarewa tun daga 2010. Na biyu, gidajen da suka dace sun yi ƙaranci, domin mai tsananin larura yana buƙatar wuri marar hayaniya, mai fili, wanda haskensa da sautinsa ba za su tayar masa da hankali ba. Na uku, albashin masu kulawa yana dab da mafi ƙarancin albashi, shi ya sa ba sa daɗewa a aiki, alhali sauyin fuska kullum yana daga abubuwan da suka fi rikita mai galahanga. Na huɗu, ɗakin asibiti da kansa, da ƙararsa da kullensa, yakan tsananta halin da aka kawo mutum dominsa, sai a mayar da wannan hujjar ci gaba da riƙe shi.

Shi ma zaman kai da tallafi bai kuɓuta daga suka ba. Akwai wuraren da aka canza wa tuwo suna kawai: takardar haya tana nan, amma mai gida da kamfanin kulawa bakinsu ɗaya, mazaunin bai zaɓi abokan zamansa ba, ba ya kuma riƙe da makullin ƙofarsa.

7.0 Aiki da Harkokin Yini

Gida kaɗai ba ya cika rayuwa. Doka ta ba matashi mai buƙata ta musamman damar ci gaba da samun tallafin ilimi har ya kai shekara 25, kuma akwai shirin koyon aiki a ma'aikata tare da mai horarwa a gefe. Duk da haka, bitar da Robert Buckland ya jagoranta a 2024 ta nuna cewa kimanin uku ne kawai cikin kowane goma na masu galahanga da suka kai shekarun aiki suke da aikin yi. Wanda ba shi da wurin zuwa da safe, ko a tsakiyar unguwa yake, kaɗaici ne abokin zamansa, kuma babu wanda zai lura idan ana cutar da shi.

8.0 Abubuwan Lura ga Nijeriya

Birtaniya a 2009 da Nijeriya a 2010 duk sun amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa, wadda sashe na 19 nata ya ba mai naƙasa 'yancin zaɓen inda zai zauna da wanda zai zauna da shi. Nijeriya ta kuma sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya a Janairun 2019. A cikin shekarar ce ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da mari a cibiyoyin gwamnati da na gargajiya da na addini a sassan ƙasar. Wannan ya isa gargaɗi ga mai ganin cewa gina cibiya mai katanga shi ne mafita.

A ƙasar Hausa, babban gida ya riga ya samar da abin da Ingila take kashe kuɗi tana nema, wato zama cikin dangi da unguwa. Rauninsa yana bayyana ne ranar da iyaye suka kwanta dama, aka raba gado, aka sayar da gida. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ya kamata iyaye su tabbatar wa mai larurar ɗakinsa a rubuce, ta hanyar kyauta ko waƙafi, tun suna raye. Ya kamata kuma a bambanta waliyyin dukiyarsa da mai ɗawainiyarsa ta yau da kullum, domin kowannensu ya zama ido a kan ɗan'uwansa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Ingila ta rufe manyan asibitoci, ta yi dokoki, ta kashe maƙudan kuɗi, amma cin zarafi ya sake ɓulla a duk inda aka tara ɗaki da kulawa da iko a hannu ɗaya, nesa da dangi. Saboda haka, ma'aunin kowane shiri na matsuguni shi ne: idan mai kulawa ya gaza, wa zai bar gidan? Matuƙar mai larurar ne zai tashi, to shirin bai ba shi gida ba tukuna, masauki kawai ya ba shi.