Zaman Baƙin Ɗalibai a Azhar

A garinmu Burumburum, in aka ce yaro ya tafi karatu Masar, sai a ɗauka ya shiga daula. Ni ma haka na zata, sai da yayana ya zo hutu daga Alƙahira na tambaye shi.

Ya ce makarantarsu, Azhar, an gama ginin masallacinta tun shekarar 972. Baƙin ɗalibai suna da unguwarsu, Madinatul Bu'us, mai ɗakunan kwana da masallaci da ɗakin cin abinci. Abokin ɗakinsa mutumin Indunusiya ne, ba su jin juna sai da Larabci. Karin kumallonsu gurasa ce da dafaffen wake. Sanyin Janairu kuwa har cikin ƙashi.

Amma ba abin da ya gigita shi kamar harshe. Ya yi wa Larabci riƙon sakainar kashi a gida, saboda haka sai da ya share shekara guda yana koyonsa kafin ya shiga aji.

To, 'yan'uwana ɗalibai, mai niyyar zuwa ya dage tun yanzu. Iyaye kuma a lura, guzurin ɗalibi ba kuɗi kaɗai ba ne. Da sanyin safiya ake kama fara.