Yadda Baƙin Dutse Mai Ɗauke da Mai Ya Samu a Ƙasan Teku

A Holzmaden, wani ƙauye a kudancin Jamus, ana haƙo wani baƙin dutse mai falle-falle wanda in aka buge shi da guduma sai ya fitar da warin mai. Shekaru miliyan 183 da suka wuce wurin nan ƙasan teku ne, kuma a wasu sassan dutsen fiye da kashi 10 cikin 100 ragowar halittu ne da suka mutu amma ba su ruɓe ba. Rashin ruɓewar nan shi ne sirrin dutsen.

Aikin ya faro ne daga nesa. Duwatsu masu aman wuta a kudancin Afirka da Antatika suka cika sararin sama da iskar kabon, duniya ta yi zafi, ruwan sama ya ƙaru, koguna suka riƙa kwaso sinadaran taki daga tudu suna zubawa cikin teku. Ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, masu yawo a saman ruwa, suka samu abinci suka hayayyafa ba iyaka. Suna mutuwa suna zuba ƙasa.

A teku mai lafiya, kusan duk abin da ya faɗo cinye shi ake yi kafin ya kwanta. Wanda laka ke binnewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. To me ya hana a cinye wannan? Ruwan koguna marar gishiri ba shi da nauyi, sai ya tsaya a sama, ruwan gishiri mai nauyi ya kwanta a ƙasa, suka daina gauraya. Ga shi kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai. Ƙwayoyin bakteriya suka shanye 'yar wadda ta rage wajen cin gawarwakin, ba ta sabunta ba. Daga nan wasu bakteriya da ba ruwansu da oksijin suka karɓi wurin, suna fitar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tsutsa ba ta iya zama, kaguwa ba ta iya zama, ba mai tona lakar. Shi ya sa ta kwanta falle bisa falle, sirara ƙwarai, ba abin da ya dagula su. Haka ƙasan Baƙin Teku yake a yau, daga zurfin mita 200 zuwa ƙasa.

Abin da ya fi taɓa ni a dutsen nan shi ne manyan dabbobin da suka nutse cikinsa. An samu dabbar teku mai kama da kifi, wadda masana ke kira iktiyoso, ƙashinta a jere ba wanda ya goce, har da inuwar fatarta, wasu ma da 'ya'ya a ciki. Iskar gubar ta haɗu da ƙarfen cikin laka ta samar da wani sinadari mai ƙyallin zinariya a cikin dutsen.

Sauran aikin na nauyi ne da zafi. Sabuwar laka ta danne tsohuwa, ta matse ruwanta, ta zama dutse. In aka binne shi zurfin kilomita 2 zuwa 4, inda zafi ya kai digiri 60 zuwa 120, ragowar halittun sai ta narke ta zama ɗanyen mai, ta tsiyaye cikin duwatsu masu ƙofofi. Na Holzmaden bai nutse haka ba, don haka mansa na nan a ciki bai fita ba. Ɗan'uwansa da ke ƙarƙashin yankin Paris ya dahu, ana haƙo mansa.

Abin ya sake faruwa shekaru miliyan 94 da suka wuce, a zamanin da teku ya ratsa Sahara daga arewa har zuwa kwarin Binuwai. Lakar da tekun nan ya bari a gabashin Nijar tana cikin duwatsun da suka haifar da man da ake haƙowa a Agadem.