Kowa da Tasa Baiwar

Karatu: 1 Korintiyawa 7:7-9, 32-35

Wataƙila ka gaji da tambayar da ake yi maka a ƙofar majami'a: "Yaushe za mu sha biki?" Wanda ya yi auren ma bai tsira ba: "Yaushe za a yi wa yaron nan ƙane?"

Manzo Bulus ba shi da mata sa'ad da ya rubuta wasiƙar nan. Ya koyar cewa aure baiwa ce, zama babu aure ma baiwa ce, gama marar aure yana da sararin ba da hankalinsa ga aikin Ubangiji. Mai aure kuwa, 1 Timoti 5:8 ta ɗora masa nauyin kula da gidansa. Saboda haka tazarar haihuwa magana ce ta miji da mata a gaban Allah, da addu'a da shawarar likita, ba don kunyar dangi ba.

Dubi kabewar da aka fafe, aka cika da shinkafa da wake da albasa, aka turara. Babu nama, amma gida ya ƙoshi. Kada ka auna rayuwarka da abin da babu. Bari Ruhu Mai Tsarki ya cika ka yau.

Addu'a: Ya Uba, ka koya mini gamsuwa da baiwar da ka ba ni, cikin sunan Yesu. Amin.