Kafin ka sallami shugaban ma'aikatan dare

Ina da ƙaramin kamfanin casar shinkafa a Kano, muna ɗura buhu mai kilo 50, da ma'aikatan rana da na dare. Kullum nakan sa a ɗora buhu biyar daga kowane kashi a sikeli. In nauyi ya gaza sai in sa a ƙara wa injin ɗuri, in ya wuce a rage, amma dillalai ba su daina ƙorafi ba. Da na haɗa lissafin watan jiya sai na ga matsakaicin nauyin buhunan dare bai kai na rana ba, har na yi niyyar sallamar shugaban ma'aikatan dare. Ina gudun ɗaukar alhaki. Me ka gani?

Mai casar shinkafa, Kano

Amsa: Dakata da sallamar nan, domin abin da ke hannunka bai kai hujja ba tukuna. Babu injin da ke ɗura buhu biyu nauyi ɗaya cif. Damshin shinkafa, ƙarfin wuta da girgizar sikeli duk suna taɓa awo kaɗan-kaɗan. Wannan hawa da sauka ɗabi'ar aikin ce, daban take da canjin da ke da dalili na musamman. Don raba su ne Walter Shewhart ya ƙirƙiro jadawalin sa ido kan inganci a Amurka a 1924. Ka hana kowa taɓa injin na kwana 25, ka riƙa ɗiga matsakaicin awon kowane kashi a takarda. Daga nan a ja layin tsakiya, da iyaka biyu sama da ƙasa, kowace da tazarar ninki uku na ma'aunin warwatsuwar ɗigon. Akawu mai iya Excel zai fitar maka. Muddin ɗigo na yawo tsakanin iyakokin, a ƙyale injin. Sai ɗaya ya tsallake iyaka, ko takwas sun jeru a gefe guda na layin tsakiya, sannan a tashi neman dalili. Mai murɗa inji bayan kowane awo yana ɗora nasa kuskuren a kan na injin, kuma W. Edwards Deming ya nuna cewa irin wannan gyaran ƙara warwatsa nauyi yake yi. Ina kyautata zaton nan ne tushen ƙorafin dillalanka.

Za ka ce kwana 25 sun yi yawa ga mai gudun rasa kwastomomi. Da gaskiyarka, kuma jadawalin ba ya cewa buhunka ya cika, abin da injin ke iyawa kawai yake nunawa. In kana ganin buhuna da yawa suna gaza kilo 50, ɗaga saitin sau ɗaya tun yau, sannan ka fara ƙirga kwanakin.

Batun dare da rana kuwa, matsakaici yana da rauni guda: buhu ɗaya da ya yage ya zubar da kilo biyar ya isa ya ja lissafin kashi gaba ɗaya ƙasa. Maganinsa gwajin jeri ne, wanda Frank Wilcoxon ya wallafa a 1945, Mann da Whitney suka faɗaɗa a 1947. A jera dukkan awon watan daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi, a ba kowanne lamba, a duba ko buhunan dare sun taru a ƙasan jerin fiye da yadda sa'a kaɗai za ta kawo. Yagaggen buhun nan lamba ta ɗaya kawai zai samu, komai yawan abin da ya zubar. Wasu za su ce barin kilo a kama lamba asarar bayani ce. Asarar kaɗan ce, kusan kashi 5 cikin 100 na ƙarfin gwaji idan awon ya bazu daidai wa daida, alhali awon kasuwa cike yake da irin waɗannan buhuna.

Ko da gwajin ya tabbatar da bambanci, bai ambaci sunan mai laifi ba. Wataƙila da dare janareta ake kunnawa, ko wani sikelin daban ake amfani da shi. Ka musanya shugabannin biyu na mako biyu, ka ga ko gazawar za ta bi mutumin zuwa rana ko za ta zauna a dare.