Darasi: Awon Jarirai da Ƙidayar Gida Gida

'Yan'uwa manoma, idan kaka ta yi mukan ƙirga dammunan gero kafin mu zuba a rumbu, domin mu san ko za su kai mu wata damina. Haka ma lafiyar jarirai take bukatar lissafi. Hanyoyin yinsa biyu ne.

Hanya ta fari ita ce awo a asibiti. Ana ɗora yaro a sikeli kowane wata, a ɗiga nauyinsa a kati. Likita David Morley, wanda ya zo Nijeriya a 1956 ya yi aiki da asibitin mishan na Wesley Guild a Ilesha, shi ya tsara irin wannan kati a ƙauyen Imesi-Ile. Idan layin katin yana hawa, yaro yana girma. Idan ya kwanta ko ya gangara, akwai matsala, ko da yaron yana wasa. Akwai kuma igiyar awon dantse don yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Idan dantse bai kai santimita 11.5 ba, igiyar takan nuna ja. Wannan tamowa ce mai tsanani, sai asibiti ba jinkiri.

Amma littafin asibiti ya san waɗanda suka zo ne kaɗai. Uwar da ke kusa da babban asibitin Kazaure ko na Babura takan je awo. Wadda ke can cikin ƙauyukan Roni da Gwiwa, ga nisa ga aikin gona, sau da yawa ba a san da ɗanta ba.

Saboda haka aka yi hanya ta biyu, wato bin gida gida da tambayoyi. An yi babban binciken lafiya na ƙasa karo na fari a 1990. Na 2018 ya nuna cewa a Jihar Jigawa yara 64 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A ƙasa duka kuwa, 29 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata 6 ba suke shan nono zalla.

Ƙidaya ba ta fin gaskiyar amsarmu. Wata uwa don kunya ba ta ambatar ɗan fari. Wata ba ta son tuna wanda ya rasu. Wata takan ce nono zalla take bayarwa, alhali tana haɗawa da ruwa. Yaron da aka ɓoye, ba a lissafa allurarsa ko maganinsa.

Abin da ƙungiyarmu za ta yi:

1. Mu zaɓi mace ɗaya daga zumuntar mata ta rubuta kowace haihuwa da ranarta.
2. Mu adana kati a leda, kada gara ta ci.
3. Maigida ya ba da kuɗin mota ranar awo, musamman a Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi ya yi yawa.
4. Mu kai yaro allurar ƙyanda da ya cika wata 9.
5. Mu gaya wa maƙwabtanmu, Musulmi da Kirista.

Don tattaunawa: a karanta Markus 10:13-16. Yara nawa ne a ƙauyenmu ba su da kati? Wa zai raka iyayensu awo a wannan wata?