Darasi: Amanar Rubuta Magani da Haƙƙin Majinyaci

 Ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu ya shafi takardar maganin da ake rubuta mana a gidan likita na Sae Sabuwa da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙasar Gidan Runji, Agye da Gazawa.

Ku sani cewa rubuta magani amana ce. Malaman fiƙihu sun kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya shiga aikin magani ba tare da saninsa ba, lamunin ɓarnar da ya yi yana wuyansa. Wannan hukunci ya hau kan mai tallar ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa, wanda rana ta gasa hajarsa, bai kuma san awon da ya dace da yaro ba.

Sai dai mu ma muna da namu laifi. Da yawanmu ba mu yarda an duba mu ba sai an yi mana allura, ko an cika takarda da magani iri biyar. Idan ma'aikaci ya ce mura ce, ba ta buƙatar amoksisilin, sai mu ce ya yi rowa. Alhali shan irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba shi ke sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da ciwon huhu ya kama yaro kuma ya ƙi ci. Mun ga misali a nibakin: an sha shi shekaru har ya daina kashe zazzaɓin cizon sauro, Nijar ta sauya shi a 2005. Tun 2010 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umurni a gwada jini kafin a ba da maganin, domin ba kowane zafin jiki ne na sauro ba.

To, idan gwaji ya tabbatar, aka ba ɗanka Coartem, sha shida ne cikin kwana uku. Kada uwa ta tsaya a kwana na biyu don jiki ya yi sanyi, ta ɓoye saura domin ƙanensa. Maigida, kai za a tambaya. Kafin ka bar gaban ma'aikaci, ka nemi ya faɗa maka sunan maganin, sau nawa a yini, kwana nawa, da abinci ko babu.