Horon Sanin Makamar Aiki a Ƙungiyoyin Kare Namun Daji: Kira ga Matasan Birnin Kudu da Gwaram

A cikin ayyukan da aka ɗora mini a ƙungiyar da nake yi wa hidima, wadda ke fafutukar kare namun daji da tsuntsaye a arewacin Nijeriya, akwai duba takardun ɗaliban da ke neman a ɗauke su horon sanin makamar aiki, da lura da waɗanda aka ɗauka har su cika wa'adinsu. Aiki ne da nake ƙauna, amma yana tafe da wani abu mai sosa rai, domin duk sa'ad da takardu suka taru a gabana, sai in ga na Legas da Ibadan da Jos sun yi tsibi, na Kano da Zariya suna nan gwargwadon hali, alhali daga ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, inda aka binne cibiyata, da ƙyar ake samun mai nema. Da na tuntuɓi ƙannenmu da ke karatu, sai na tarar himma ba ta yi musu ƙaranci ba. Labari ne bai kai gare su ba, ga kuma wani zato da ya kafu a zukatansu cewa wannan sana'a ta Turawa ce da 'ya'yan masu hali, kuma ba a yin ta sai inda giwa da zaki suke.

Wannan zato ba shi da tushe, kuma wanda ya dubi inda Allah ya ajiye mu zai gane haka. Muna maƙwabtaka da ƙasar Ningi, inda gandun Lame-Burra yake. Gaba da shi akwai Yankari, wanda aka kafa a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, wanda kuma har yau yana riƙe da garken giwaye daga cikin 'yan kaɗan da suka rage a ƙasar nan. A Jihar Kano ga Falgore. A cikin Jigawa kanta ga fadamar Baturiya ta ƙasar Haɗeja, wadda aka shigar cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma tana cikin wurare goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandayen ƙasa. Ko a gida, wanda ya hau Dutsen Mesa ko Dutsen Habude ya dubi zanen shanu marasa tozo da mutanen dauri suka bari a jikin dutse, wanda Bernard Fagg ya yi nazarinsa a shekarun 1950, zai fahimci cewa dabbobin ƙasa suna sauyawa, wasu su shuɗe har a manta da kamanninsu. Dattawan Farin Dutse da Basirka da Sundimina suna iya lissafa maka abin da suka tashi suka tarar a dawa, tun daga gada da barewa da mugun dawa har zuwa burtu da gauraka, sannan su gaya maka wanne ne rabonsu da ganinsa tun suna samari.

To, mene ne ɗan horo yake yi? Galibin aikinsa ƙidaya ce da rubutu. Abu na farko da muke miƙa masa littafi ne da fensir, kafin madubin hangen nesa, kafin na'urar nuna wuri, kuma darasin farko shi ne kada ya rubuta sunan tsuntsu ko dabba sai ya riga ya rubuta rana da sa'a da wuri da yanayin gari, domin a wurinmu labarin da ba shi da rana da wuri hukuncinsa ɗaya da ruwayar da ba ta da isnadi. Misalin da na fi bayarwa shi ne ƙidayar ungulu a kwata. Ɗan horo zai yi sammako bayan sallar asuba, ya gaida sarkin fawa ya nemi izini, ya sami gefe inda ba zai tare wa mahauta hanya ba, ya zauna daga lokacin da aka fara fiɗa har rana ta ɗaga, yana duban rufin kwano da kan kuka da juji inda ake zubar da tumbi, yana rarrabe ungulu da shirwa da hankaka, yana rubuta adadinsu duk bayan rabin sa'a. Sau da yawa zai tashi bai ga ungulu ko ɗaya ba, kuma wajibi ne ya rubuta sifiri da hannunsa, ya sa rana, domin wannan sifirin hujja ce, wani lokaci ma ya fi adadi mai yawa nauyi. Ɗalibin da ya ji kunyar komowa da fanko ya ƙirƙiri lamba, ya ci amanar aikin gaba ɗaya, kuma babu laifin da muke tsanantawa a kansa kamar wannan.

Na zaɓi ungulu ne da gangan. Wanda ya kai shekara arba'in a ƙasarmu ya san zamanin da ba a raba kasuwa da ita, yau kuwa yaro yana iya gama firamare bai taɓa ganinta ba. Tun 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sanya ungulun garuruwanmu a matakin da ke dab da ɓacewa, kuma daga manyan dalilan akwai guba da ake sa wa mushe, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kansu, da cinikin kanta da gashinta a kasuwannin magani. Ita ce kuwa mai kwashe mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, kuma inda ta ɓace karnuka da ɓeraye ne ke cin gadonta. Wannan matsala ba a warware ta daga ofis. Sai an zauna a tabarma da mai maganin gargajiya, an saurari abin da yake nema a jikin tsuntsun, an tattauna da shi a kan saiwa ko ganyen da zai iya maye gurbinsa, kamar yadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, wato NCF, ta yi ta yi da ƙungiyoyin masu magani a arewa. Sai an je gidan sarkin baka an yi gaisuwa yadda ta kamata, an yi haƙurin sauraron labarin farautar bara, kafin a kawo maganar barin dawa ta huta a lokacin da dabbobi ke da ciki. A nan ne ɗan Gwaram ya fi wanda ya zo daga nesa, komai yawan takardunsa, domin shi ya san yadda ake tsugunawa a gaida babba, ya san ba a shiga gari sai ta hannun mai unguwa da dagaci, yana jin Hausa, wataƙila da Fulatanci, ya kuma san bambancin makwarwa da zabuwar daji tun bai shiga makaranta ba. Na sha ganin dattijo ya rufe bakinsa ga baƙo mai takardar tambayoyi, ya buɗe shi ga yaron da ya ce masa, "Baba, mun zo neman sani ne a wurinku."

Ga iyaye da ke ganin wannan al'amari baƙo ne ga addininmu, ina tunatar da su babin hima a littattafan fiƙihu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u a kusa da Madina domin dawakin Musulmi, ya kuma haramta sare itatuwan Madina da farautar dabbobinta. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka. Hurumi da burtali da makiyayar da sarakunanmu suka tsare reshe ne na wannan asali, kuma yaron da ya koyi tsare su yana cikin hidimar maslahar jama'a.

Hanyoyin shiga uku ne a galibi. Akwai shirin SIWES na asusun ITF, wanda ke tura ɗaliban jami'a da kwalejin kimiyya wuraren aiki na wasu watanni, kuma ɗalibi yana da damar neman wurin da kansa maimakon ya karɓi ofishin da zai wuni yana zaune. Akwai shekarar bautar ƙasa. Akwai kuma aikin sa kai, wanda ba ya bukatar komai sai niyya. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da ilmin gandun daji da namun daji, akwai kuma kwalejin tarayya ta wannan fanni a New Bussa. Daga wuraren da ya kamata ɗalibi ya sa wa ido akwai NCF, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya assasa a 1980, kuma tana da hannu a aikin dausayin Haɗeja da Nguru tun 1987. Da cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke bayar da digiri na biyu tare da Jami'ar Jos. Da ƙungiyar WCS mai tallafa wa masu gadin Yankari. Kada wanda ya karanta shari'a ko aikin jarida ko lissafin kuɗi ko ilmin kwamfuta ya ce ba da shi ake ba, domin ƙungiyar fafutuka tana bukatar mai fassara dokar kare halittu ta 1985 zuwa Hausar da mafarauci zai gane, da mai shirya shirin rediyo, da mai zana taswira. 'Yan mata ma ana matuƙar bukatarsu, tun da maganar itacen girki da gawayi, wanda ke cinye kirya da marke a dazuzzukanmu, a cikin gida ake yin ta, inda namiji baƙo ba ya shiga.

Abin da ya fi jan hankalina a takardar mai nema shi ne shaidar cewa ya riga ya fara. Wasiƙun da ke cewa mai su yana ƙaunar halittun Allah suna da yawa, kuma duk kama ɗaya suke. Amma wanda ya haɗo da shafukan littafinsa, inda ya rubuta ranar da shamuwa ta sauka a garinsu da farkon damina da itacen da ta yi sheƙa a kai, ko ya jera tsuntsayen da ya gani a fadamar ƙauyensu mako bayan mako har rani ya fita, wannan ba ya bukatar wanda zai tsaya masa. Shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar Amurum ta fara a 2015, ya sauƙaƙa wannan ƙwarai: an yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye da kwance, mai sa kai ya shafe aƙalla sa'a biyu a cikin gida ɗaya yana shigar da abin da ya gani a manhajar BirdLasser ta wayarsa, sunansa kuma ya shiga kundi tare da aikinsa.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Alawus ɗin ɗan horo, inda ma ake bayarwa, bai wuce na abinci da mota ba. Akwai sauro da tafiyar ƙasa da kwana a ajin makarantar ƙauye. Kuma ba kowane wanda ya gama ake ɗauka aiki ba, ko da yake takardar shaida daga wanda ya ga aikinka da idonsa tana buɗe ƙofar karatu na gaba. Ba ma tura ɗalibi dajin da hukuma ba ta tabbatar da amincinsa ba, kuma iyaye suna da haƙƙin su tambayi inda za a kai ɗansu da sunan wanda zai lura da shi. Duk wanda ya nemi kuɗin fom ko na rajista da sunan ƙungiyar kare namun daji, a guje shi, macuci ne. Mai son ya ga aikin da idonsa kafin ya yanke shawara, ya sani cewa a watan Janairu na kowace shekara ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, lokacin da agwagi da sauran baƙin tsuntsaye daga Turai suke cike dausayin Haɗeja da Nguru, kuma masu ƙidayar kullum suna bukatar ƙarin hannu. Ya rubuta wasiƙarsa tun watan Nuwamba, ya faɗi garinsu da harsunan da yake ji da watannin da zai samu, ya haɗa da takardar shugaban sashensu da abin da ya riga ya rubuta a littafinsa.